Wane Kiɗa Ya Dace da Tsallen Igiyar Yara? Abin Dubawa Kafin a Kashe Kuɗi

A gidajen haya na Agege, Idi-Araba da Mil 12 a Legas, inda tsakar gida ba ta da wani faɗi kuma bakin titi ba wurin yaro ba ne, tsallen igiya na cikin 'yan wasannin da ke sa yara su yi gumi a gaban idon iyayensu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na minti 60 a kullum, kuma aƙalla sau uku a mako a haɗa da irin wanda ke ƙarfafa ƙashi, tsalle kuwa yana ciki. Kiɗa shi ne ke sa yaro ya daɗe a kan igiya bai ce ya gaji ba. Sai dai iyaye da malaman makaranta da yawa suna zaɓen waƙar da ake yayi, alhali abin da ƙafar yaro ke bi shi ne bugun ganga: saurinsa, da kuma tsayuwarsa a kan sauri ɗaya.

Auna saurin ba ya buƙatar wata na'ura. Ku kunna waƙar, ku riƙa tafi tare da babbar gangar har daƙiƙa 15, sannan ku ninka adadin sau 4. Idan kun tafa 28, waƙar na tafiya a bugu 112 a minti ɗaya ke nan. Yaron da ke koyo yakan yi tsalle biyu kafin igiya ta zagayo sau ɗaya, babba da ƙarami, don haka bugu 100 zuwa 120 ya ishe shi. Wanda ya iya tsalle ɗaya a kowane zagaye zai fi jin daɗin 120 zuwa 140. Abin da ya wuce haka na gwanaye ne. Idan kuka ga yara uku ko huɗu suna harɗewa da igiya a wuri ɗaya cikin waƙa, kada ku yi musu faɗa, ku sake sauraron wurin. Galibi za ku tarar gangar ta ɗauke ne ko ta canja salo. Waƙar da ta dace ita ce wadda za ku iya ƙirga ɗaya zuwa takwas a kanta, ku koma ɗaya, har ta ƙare ba ku ɓata ba, domin a kan takwas-takwas ake shirya salon tsalle.

Zaɓin da na fi so a fara da shi ba a sayen sa: tafi da waƙar baki, irin na gaɗar 'yan mata. Darajarsa ita ce kiɗan ne ke bin yaro. Idan ƙaramar cikinsu ta shiga tsakiya, masu tafi sukan sassauta da kansu ba tare da an ce musu komai ba, idan yayarta ta shiga su ƙara wuta. Babu sifikar da za ta yi wannan. Ya kuma warware damuwar iyaye da malaman Islamiyya waɗanda ba su yarda da kayan kiɗa ba. Rauninsa shi ne yana buƙatar taro, kuma masu tafi kan gaji, ko zumuɗi ya ɗebe su su riƙa ƙara sauri ba su sani ba.

Na biye da shi a araha shi ne manhajar metironom, wadda ke yin ƙas-ƙas a daidai saurin da aka sa mata. Kyauta ake sauke irinta, ba ta cin data bayan an sauke, kuma za ku iya ƙara bugu 5 duk mako. Amma yara ba sa jure mata. Ta minti biyu ko uku ce a farkon wasa, sai a koma ga waƙa.

Kiɗan Afrobit na zamani, wanda ke tashi daga kowane shago da danfo a Legas, yawancinsa yana tsakanin bugu 100 da 115, wato daidai da masu koyo, kuma da kwamfuta ake haɗa shi, saurinsa ba ya gocewa. Matsalarsa baitoci. Wanda ya zo daga Kano ko Sakkwato yana babba zai iya jin daɗin sautin bai fahimci zaurancen Yarbanci da Turancin buroka da ke ciki ba, yaran da aka haifa a nan kuwa suna ji sarai, kuma abin da suka yi tsalle a kai sau ashirin sun haddace shi. Ku nemi zallar kiɗan ba murya, ana samun sa. In ba a samu ba, a sa wani babba da ya ji yaren ya saurari waƙar daga farko har ƙarshe kafin ta shiga memori.

Amafiyano na Afirka ta Kudu saurinsa ya yi daidai, wajen 112, amma wannan gangar tasa mai gurnani tana faɗowa ne a tsakanin bugu, sai yaro ya bi ta ya bar lissafi. Ga kuma doguwar shimfiɗa kafin kiɗan ya kankama. Ya fi dacewa da waɗanda suka riga suka ƙware. Haka fuji, wanda ya samo asali daga kiɗan tashin sahur na Musulmin Yarabawa: ganguna da yawa suna magana lokaci guda, sauri na hawa da sauka yadda mawaƙi ya so. Daɗin ji gare shi, amma ban ba da shawarar sa ga mai koyo ba. Kalangunmu ma idan na biki ne da aka ɗauka kai tsaye haka yake, yana bin kirari ne. Kiɗan ƙwarya ya fi shi tsayuwa. Waƙoƙin Hausa na situdiyo da ake haɗawa da fiyano suna da tsayayyen bugu, kuma kuna jin duk abin da ake faɗa, wanda babbar riba ce. Sai dai soyayya ta yi musu yawa, dole a tace. Akwai na yabo da na faɗakarwa masu irin wannan bugun, su ne za ku nema.

Ta ina za a samo? Audiomack da Boomplay suna barin a ajiye waƙoƙi da yawa a waya a ji ba intanet. Tsarin kyauta na manhajojin kiɗa yana zuwa da talla, talla kuwa a tsakiyar tsalle tana wargaza sahu gaba ɗaya. YouTube na da wani amfani da mutane kan manta: za a iya rage saurin bidiyo zuwa 0.75, sai waƙa mai bugu 140 ta koma 105. Amma yana shan data, kuma miƙa wa yaro waya da shi a buɗe wata magana ce daban. Ga makaranta ko gida mai yara da yawa, na fi amincewa da memori ko filashi mai waƙoƙi goma da kuka tantance da kanku, an jera su daga mai sanyi zuwa mai zafi, a rufe da mai sanyi. Idan wajen masu tura waƙa za ku je, ku tafi da sunayen a rubuce. Kuka ce "cika mini", abin da ke tashe za a zuba muku.

Sifika ita ce inda kuɗi ke tafiya. Lasifikar waya ba ta fitar da babbar ganga, a fili kuma ga janareto ga hon, yara ba za su ji bugun ba. Ƙaramar sifika mai bulutut da ramin memori ta wadatar da tsakar gida. Babbar sifika mai tayoyi sai filin makaranta. A Kwamfuta Bileji ta Ikeja ko kasuwar Alaba ta Ojo, mai shago zai kunna muku waƙarsa ya ƙure murya yana cewa, "Alhaji, ji ƙarfi!" Ku miƙa masa taku waƙar, ku sa ya rage zuwa rabi, ku ja da baya taku goma. Idan har kuna iya tafi daidai da gangar daga can, ta yi. Ku tambayi awa nawa take riƙe caji, ku karɓi rasit, don jabu ta yi yawa. Saboda ruwan Legas, wadda aka rubuta IPX5 ko sama da haka a jikinta ta fi jure yayyafi.

Kada a ƙure ta a kunnen yara. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na sauraro da na'ura ya sa wa yara desibel 75 (desibel shi ne awon ƙarfin sauti), ƙasa da na manya. A aikace, idan sai kun ɗaga murya kafin yaron da ke kusa da ku ya ji, ta yi yawa, kuma maƙwabta a gidan haya suna da haƙƙi. Idan kuɗin bai kai sifika ba tukuna, ku sayi igiya mai 'yan duwatsun roba a jere. Duk zagaye tana dukan ƙasa da sautin da yaro ke ji sosai, ya daidaita ƙafarsa da shi. Wajen auna tsawo, ya taka tsakiyarta, mariƙan biyu su kai hammatarsa.