Telegram da karatunmu bayan ɓarkewar yaƙin Sudan

Masu tambaya wai da me mu ɗaliban da muke makaranta a Sudan muke karatu tunda aka kwaso mu daga can, to mu dai ajinmu Telegram, manhajar tura saƙo ta waya, ne ya riƙe shi. Yaƙin ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ana cikin azumi, kafin a ankara ɗalibai sun watse, wasu ta bodar Masar wasu ta Port Sudan, malamai ma kowa ya yi ta kansa, wani yana Alkahira wani yana ƙauyensu inda sai ya hau tudu yake samun sabis.

An fara gwada Zoom, manhajar taro ta bidiyo, amma na kyauta minti 40 yake yankewa, ga shi dole kowa ya hau lokaci guda, wanda kuwa yake gudun harsashi ina ya ga wannan. A Telegram malam zai naɗi lacca da murya duk sanda ya samu caji, ya ɗauki hoton takardar da ya rubuta da hannu ya tura, kai kuma ka saurara ko da ƙarfe biyun dare ne. Fayil har na 2GB yana ɗauka. Abin da ya fi burge ni shi ne komai yana nan ajiye, ko wayarka ta faɗa ruwa ka sa lambarka a wata za ka tarar da laccocinka, kuma wanda ya shigo daga baya zai ga na baya in dai admin ya buɗe. Akwai wani malaminmu mai jan magana, Allah ya saka masa, shi kam a 2x, wato saurin murya ninki biyu, muke jin sa.

Amma fa gaskiya ba aji ba ne. A Fabrairun 2024 da layukan waya suka ɗauke a yawancin Sudan gurup ɗin tsit ya yi, sai malaman da suka samu Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, na haya suke leƙowa. Masu likitanci kuma ba a koyon duba mara lafiya ta waya, shi ya sa aka kai wasu Ruwanda da Tanzaniya.

Ni dai maki huɗu cikin biyar zan ba Telegram. In za ka shiga, ka fara kashe saukar bidiyo da kansa a setin, in ba haka ba datar wata guda a kwana uku za ta tafi.