Takardar tambayoyi ko hira baki da baki: wacce ta dace da bincike kan adashin mata?

Wata 'yar'uwarmu da ke karatun digiri na biyu ta ce ta zo kan babi na uku na kundinta, wanda zai binciko abin da ya sa matan aure a garinsu suka fi sakin jiki da adashi a kan ajiya a banki, amma ta rasa wadda za ta ɗauka tsakanin raba takardar tambayoyi da zama a yi hira baki da baki. Ta ƙara da cewa wata 4 kacal gare ta, kuma yawancin 'yan ajinsu takardar suka zaɓa. Malama, ga yadda nake ganin hanyoyin biyu idan aka jera su.

Aikin takardar tambayoyi shi ne ƙidaya. Ita ce za ta gaya miki mata nawa cikin 100 ke zubin adashi, nawa suke zubawa a mako, da kuma ko masu sana'a a gida sun fi marasa sana'a shiga. Sai dai ƙidayar ba ta zama hujja sai an samu mutane da yawa, an kuma zaɓo su ba tare da son rai ba. Jadawalin da masana Krejcie da Morgan suka fitar a 1970, wanda ake yawan amfani da shi a jami'o'inmu, ya nuna cewa idan jama'ar da ake bincike a kansu sun kai 1,000,000, ana buƙatar amsoshin mutum 384 domin kuskuren ya tsaya a kashi 5 cikin 100. Abin da ɗalibai da yawa ke mantawa shi ne, wannan lissafi ya ginu ne a kan cewa kowace mace a garin tana da damar faɗowa cikin zaɓin daidai da kowa. Idan kika tsaya a asibitin awo ko makarantar Islamiyya kika raba takarda 384, adadin ya cika, amma matan da ba su zuwa waɗannan wurare ba su da murya a kundinki. Ga shi kuma ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya tun 2006 aka yi ta, don haka jerin gidajen da za ki zaɓa daga ciki sai kin tattara shi da kanki, da taimakon masu unguwanni.

Hira kuwa dalili take tonowa, kuma ba ta buƙatar taron jama'a. A 2006 wani mai bincike mai suna Guest da abokan aikinsa biyu sun bi diddigin hirarraki 60 da aka yi da mata a Najeriya da Ghana, suka gano cewa kusan duk muhimman batutuwan sun riga sun fito a hira 12 na farko. Wannan ba doka ba ce, domin matan da suka yi hira da su yanayin rayuwarsu ya yi kama da juna. Ke da za ki ji ta bakin uwar adashi, da masu zubi, da waɗanda aka taɓa cinye musu kuɗi suka daina, wataƙila ki kai 20 ko 25 kafin maganganun su fara maimaita kansu. Wahalarta tana zuwa ne bayan an dawo gida, domin hirar awa ɗaya kan ci awa 4 zuwa 6 wajen mayar da ita rubutu, kafin a zo ga fassara da rarrabe batutuwa. Mai takarda ya sha wuya a rana, ya huta idan ya zuba amsoshinsa a manhajar ƙididdiga ta SPSS. Mai hira a kan tebur yake shan tasa.

Inda na fi so ki tsaya ki yi tunani shi ne yadda kowace hanya ke haɗuwa da matan da za ki shiga gidajensu. Da yawa daga cikinsu ba za su cike takarda da hannunsu ba, sai an karanta musu, kuma ko babban binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018, wanda ya ji ta bakin mata fiye da 40,000, ma'aikata ne suka riƙa karanta tambayoyin bayan an fassara su zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo. Ma'aunin Likert na matakai biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "sam ban yarda ba", yana da kyau a takarda, amma macen da ta shimfiɗa miki tabarma ta kawo miki ruwa da wuya ta dubi idonki ta ce ba ta yarda da maganarki ba. "Haka ne" za ki yi ta ji, ki rubuta shi a matsayin amincewa alhali kara ce aka yi miki. Sannan zancen kuɗi sirri ne. Matar da kishiyarta ko uwar mijinta ke zaune a tsakar gida ba za ta faɗi ainihin abin da take zubawa ba. A hira kina da sararin shiga ɗaki, ku gaisa, ku fara da zancen kayan ɗakin 'yarta da take tarawa, har ta kai kanta ga faɗin cewa ɗauka ɗaya ta adashi ce ta saya mata keken ɗinki, kuma uwar adashin ta taɓa matso mata da kwasarta lokacin da ɗanta ya kwanta asibiti. Irin wannan dalili ba zai taɓa fitowa a takarda ba sai idan kin riga kin san shi kin sa shi cikin zaɓin amsoshi.

Hira ma tana da nata rauni, kuma wajibi ne ki amsa shi a rubuce. Ba za ki iya cewa "kashi kaza na matan garin" ba, kuma a ranar kare kundi za a tambaye ki yadda kika tabbatar ba ra'ayinki kika ɗora a bakinsu ba. Maganin haka shi ne ki adana muryoyin da izininsu, ki kawo kalamansu yadda suka faɗa ba tare da sunayensu ba, ki kuma nuna waɗanda suka saɓa wa abin da kika zata.

Tun da taken kundinki "me ya sa" yake tambaya, ni hira nake ba ki shawara ki sa a gaba. Idan malamin da ke duba aikinki ya nace sai an ga alƙaluma, ki haɗa su bi da bi: wata na farko ki yi hira da mata kamar 15, ki ɗebo dalilan da suka bayar da irin kalmominsu, ki gina gajeriyar takarda da ba ta wuce tambaya 20 ba, ki gwada ta a kan mata 20 ko 30 a wata unguwa daban kafin ki fita da ita. Za ki iya ɗora ta a waya da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, wadda ke aiki ko babu intanet. Kafin komai, ki karɓi takardar gabatarwa daga sashenku da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ki kai gaisuwa wurin hakimi ko dagaci ya haɗa ki da masu unguwa, sannan ki nemi mataimaka mata, domin ba kowane gida ne namiji zai wuce zaure ba.