Firij mai ƙofa biyu gefe da gefe, ko ƙaramin firij da difiriza? Amsa ga Hajiyar da nata ya daina sanyi

Assalamu alaikum Hajiya, barka da war haka. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa ne saboda amsar tana da ɗan tsawo. Kin ce babban firij ɗinki mai ƙofa biyu, wanda firiza ke hagu firij ke dama, ɓangaren firiza yana ƙanƙara lafiya lau amma ɓangaren firij ya daina sanyi har miya da nono suna lalacewa, wani mai gyara ya zo ya ce gas ne ya ƙare a kawo kuɗi ya zuba, ke kuma kina tunanin ko ki rabu da shi kawai ki sayi ƙaramin firij irin wanda aka saba ki haɗa da difiriza. Toh ni sana'ata kenan gyaran firij da esi, duka biyun sun sha bi ta hannuna, bari in jera miki su kusa da juna ki gani.

Amma kafin komai dan Allah kar ki bari kowa ya huda bututun firij ɗin nan da sunan zuba gas. Gas ɗin firij ba irin na girki bane da ake ƙonawa ya ƙare, zagayawa kawai yake a rufaffen bututu, in ba yoyo aka samu ba haka zai yi ta zagayawa shekara da shekaru. Kuma tunda kin ce firiza tana daskarar da nama, gas yana nan. A yawancin irin wannan firij ɗin wuri ɗaya ake haɗa sanyi, wasu siraran bututai ne ɓoye a bayan bangon roba na cikin firiza, fanka ce ke hura sanyin, sai wata 'yar taga mai buɗewa da rufe kanta da muke cewa dampa ta riƙa tura wani kaso zuwa ɓangaren firij. Akwai hita a ƙarƙashin bututan da take kunna kanta lokaci-lokaci ta narkar da ƙanƙarar da ta taru, shi yasa ba ki taɓa kankare ƙanƙara a cikinsa ba. Ranar da hitar nan ta mutu, ko sensar da ke gaya mata ta tashi, ko ɗan fiyus ɗinta, ƙanƙara zata yi ta taruwa har ta toshe hanyar iska, wani lokacin ma ta kama fankar ki riƙa jin ƙara kamar ana goga abu, firiza zata ci gaba da sanyi tunda a cikinta sanyin yake, firij kuma ya zama kabad. Wasu na Samsung kowane ɓangare da nasa bututan da fankarsa, amma ko su ɗin ciwon iri ɗaya ne, ƙanƙara ce ke rufe na ɓangaren firij.

Zaki iya gwadawa da kanki ba sai kin kashe ko sisi ba. Ki kwashe kaya ki kai maƙota ko ki zuba a cikin kula, ki zare filogi, ki bar ƙofofin biyu a buɗe awa 24 cur, ki shimfiɗa tsofaffin zannuwa a ƙasa dan ruwa zai zubo. Kar ki sa wuƙa ko sukundireba ki ce zaki ɓamɓare ƙanƙara, da yawan firij ɗin da ake kawo min ta nan aka kashe su. Washegari ki kunna. In sanyi ya dawo ɓangaren firij sannan bayan kwanaki ko sati ɗaya zuwa biyu ya sake ɗaukewa, shikenan kin kama ɓarawon, hita ce ko sensa ko fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa firij ɗin, bai ba hitar wuta. In kuma bai dawo ba sam, ki danne ɗan maɓallin da ƙofar firiza ke dannawa ki kasa kunne ko fanka na juyawa, a wasu sabbin babu maɓalli sai dai ki rufe ƙofar ki kanga kunne. Ki kuma duba ko ledar kaya ko babbar tukunya bata rufe ramin da iska ke shigowa ba. Sannan ki kalli allon gaba, in kin ga ya rubuta OF OF ko OFF to yara ne suka danna ya shiga yanayin da ake barinsa a shago, fitila na ci amma kwamfiresa, wato injin da ke zagaya gas ɗin, baya tashi, littafinsa ya faɗi maɓallan da ake dannewa a fitar da shi, sai dai shi wannan ɓangarorin biyu yake kashewa ba ɗaya ba.

Yanzu mu zo kan kwatancen. Ta fannin gyara ƙaramin firij da difiriza irin na da sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, dan abin da ke cikinsu kaɗan ne, kwamfiresa, tamostat mai daidaita sanyi, rile mai tayar da kwamfiresa da obalod mai kare shi, kusan shikenan. In kika ji yana ƙas sai shiru, bayan 'yan mintuna ya sake ƙas, yawanci rile ne ko wuta ce tayi ƙasa, kuma ko wane lungu akwai wanda zai canza miki, kayan ma a Sabon Gari cike suke. Shi kuwa babban akwai fanel, sensa uku ko fiye, fanka biyu ko uku, hita, dampa, in mai inbata ne, wato mai kwamfiresan da ke rage gudu da ƙarawa da kansa, kwamfiresan ma da nasa fanel ɗin daban, kuma ko wanne sai an samo daidai lambar modal ɗinsa. Wanda zai taɓa shi sai ya iya aiki da mita ya auna hita da sensa kafin ya ce ga abin da ya mutu. Duk wanda ya zo bai kwance bangon cikin firiza ba, bai fito da mita ba, ya fara maganar gas, ki sallame shi da mutunci. Abin yana min ciwo wallahi, dan firij mai lafiya ake hudawa a saka masa bawul, daga nan ne yoyon gaske ke farawa.

Ko da gas ɗin ne da gaske, akwai takarda manne a bangon ciki ko a baya da ta rubuta irinsa da nauyinsa da giram. Sabbin yanzu kusan duk R600a ne, tsofaffin R134a, ba a haɗa su kuma ba a musanya su, da sikeli ake auna shi ba da ƙiyasi ba. R600a yana kamawa da wuta, kar a yi walda a rufaffen kicin ko kusa da risho da tukunyar gas, a fito da shi tsakar gida.

Sai maganar wuta, kuma a gaskiya nan ne hukuncin yake. Difiriza ƙofarta a sama take, sanyi kuma nauyi gare shi, ko kin buɗe yana kwance a ciki kamar ruwa a randa. Shi mai ƙofa biyu ƙofar daga sama har ƙasa take, kina buɗewa sanyin ke zubowa ƙafarki, iska mai zafi ta maye gurbin. Lissafin da aka saba bayarwa shi ne in an ɗauke wuta firij na riƙe abinci kamar awa 4 in ba a buɗe ba, firiza cikakkiya kamar kwana 2, rabi-rabi kwana 1, a zafinmu na bazara kuwa ki rage daga haka. To in unguwarku awa 5 ko 6 ake kawo wuta a rana, difiriza zata daskare ta riƙe, babban kuwa kullum cikin kamo sanyi zai kasance bai taɓa kaiwa ba. Ga kuma fanel da baya son wuta mai hawa da sauka. Wutarmu 230 ya kamata ta zama, amma kin san yadda take faɗuwa da magariba ko ta dawo da ƙarfi lokaci ɗaya, dan haka sitabilaiza mai kyau dole ne, da gad mai jinkirta wuta minti 3 zuwa 5 kafin ya saki, musamman gidan da ake juyawa tsakanin janareta da wutar layi. Ƙaramin ma yana son gad, bambancin shi in ya ƙone rile ne ko kwamfiresa, ba fanel mai tsada da sai an yi odarsa ba. Inda babban ya ci maki shi ne in mai inbata ne kuma kuna da sola, a hankali yake tashi baya fizgar wuta, saɓanin kwamfiresa irin na da da ke jan ninkin wutarsa sau da yawa a daidai lokacin tashi har ƙaramin inbata ya yi ƙara ya kashe kansa.

Baki faɗa ba ko sabo kika saya ko na hannu. In na hannu ne daga waje ki duba takardar nan da kyau abu biyu. Na Amurka wutarsu 110 zuwa 120 ce, sai da taransifoma mai rage wuta, kuma ni bana ba kowa shawararsa. Na biyu akwai haruffan da ke nuna zafin da aka ƙera shi ya jure, SN da N iyakarsu digiri 32, ST 38, T kuma 43. Mu da ke haura 40 a watan Afrilu da Mayu, wanda aka rubuta T ko SN-T shi ne namu, wanda ya tsaya a N zai yi ta aiki ba hutu a bazara kuma ba zai gamsar ba. Wannan dokar har difirizar da kike shirin saya ta shafa.

Wajen kafawa ma ba ɗaya suke ba. Ƙaramin firij mutum biyu sun ɗauka sun ajiye an gama. Babban faɗinsa wajen santimita 90, tsayi kusan 180, kauri 70 da ɗoriya, nauyi kuma yakan kai kilo 100, sai an auna ƙofar gida da ta kicin da kwanar koridi tukuna, sau da yawa sai an cire ƙofofinsa, kuma ta cikin hinjin ƙofar firiza wayoyi da bututun ruwa suke bi, in aka fizga ba a zare su ba allon gaba ya mutu kenan. In an kwantar da shi a mota a bar shi tsaye ya kwana kafin a kunna dan man kwamfiresa ya koma mazauninsa. A bar masa tazara aƙalla santimita 5 a baya da gefe, kar kafinta ya rufe shi ruf a cikin kabad, kar a jingina shi da kukar girki ko inda rana ke dukansa, a ba shi soket nasa shi kaɗai mai at, wato mai wayar ƙasa, ba doguwar waya da ake jona hita da dutsen guga ba. Ƙafafun gaba ana murɗa su, a ɗaga gaban kaɗan yadda ƙofa zata koma da kanta, kuma in kin ga ƙofa ɗaya ta fi ɗaya tsayi daga ƙafar nan ake daidaitawa. Ki gwada robar ƙofarki ma, ki maƙale takardar naira ki rufe, in ta zare ba tare da ta riƙe ba iska na shiga, kuma wannan kaɗai ya isa ya tara ƙanƙarar da muke magana. Saitin da ya dace digiri 3 ko 4 a firij, 18 ƙasa da sifili a firiza.

Mai famfon ruwa da ƙanƙara a ƙofa kuwa, in mai ɗan tanki ne da ake cikawa da hannu ba damuwa. In wanda ake jonawa da bututun gida ne, ƙarfin ruwan da yake nema sai tankin sama ya kai tsayin mita 14 ko fiye, namu na gidan ƙasa kuwa ko rabin haka baya kaiwa, sai ruwa ya riƙa ɗiga ƙanƙara taƙi fitowa mutane su zaci lalacewa yayi, alhali ɗan famfon ƙara ƙarfi yake so, ga filta da ake canzawa duk wata 6. Sannan a ƙasa ta baya akwai wasu bututan da fanka da ke fitar da zafi, ƙurar hunturu na like su, ɓeraye na cin wayoyin wurin, kyankyasai kuma na son ɗumin fanel, duk bayan hunturu a zare filogi a buɗe a goge da burushi. Difiriza bata da wannan hidimar sosai, nata kawai a kashe ta lokaci-lokaci ƙanƙara ta narke.

Ta fannin amfani kuwa ya danganta da gidanki. Ɓangaren firizar babban siriri ne, cinyar sa ko naman layya ko ledojin ƙanƙara da zoɓo na sayarwa a azumi ba wurinsu bane, wannan aikin difiriza ne. Amma komai a jere yake a gaban idonki, ba sunkuyo ba tono, wanda ga mai ciwon baya ko gwiwa ba ƙaramin abu bane, a difiriza kuwa abin da ya nutse ƙasa sai an kwashe na sama kafin a gan shi.

Ni dai da nawa ne Hajiya, in kuna samun wuta rabin yini zuwa sama ko kuna da sola mai ƙarfi, gyara shi zan yi, dan hita ko sensa ko fanka kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin sabon firij da difiriza ba. Inda zan ce ki rabu da shi shi ne in an auna an tabbatar kwamfiresa da fanel duk sun tafi, ko yoyon yana cikin bango inda hannu baya kaiwa, ko kuma wutar unguwarku bata taka kara ta karya ba, nan kam difiriza mai T ki fara saya, ƙaramin firij ya biyo baya. Ki fara yin gwajin awa 24 ɗin nan, ki ɗauko min hoton takardar da ke jikinsa inda lambar modal da irin gas suke, sannan ki gaya min ko kin ji fankar firiza na juyawa, daga nan zan faɗa miki takamaiman abin da zaki ce mai gyara ya auna a gabanki.