Jirgin cikin gari a Manchester

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, kai da Hajiya da yara. Ka ce in gaya maka gaskiya, ko rashin kuɗi ne ya hana ni sayen mota. Ba shi ba ne. Jirgin ƙasa na cikin gari ne ya raba ni da wannan ɗawainiya.

Metrolink suke ce masa, tun 1992 yake aiki, yanzu tashoshinsa 99. Tashar da na fi sauka ita ce St Peter's Square, daf da babban ɗakin karatu na garin. In ka gan ta ba za ka ce tasha ba ce. Dandamali ne kawai a tsakiyar titi, da rumfa, da allo mai nuna minti nawa ya rage jirgi ya iso. Babu katanga, babu ƙofa, babu mai kiran fasinja. Jirgin mai launin ruwan ɗorawa ne, ya tsaya, ya buɗe, ya wuce, ko da mutum biyu ne a ciki. Ba a jiran a cika.

Biya ma ba wanda zai miƙo maka hannu. Katin banki ko waya za ka kara a jikin wata na'ura kafin ka hau, ka sake karawa in ka sauka, ta cire kuɗi gwargwadon shiyyoyin da ka ratsa cikin huɗun da aka raba garin. Kada ka ɗauka amana ce zalla, masu duba tikiti kan faɗo ba zato, tarar kuwa mai zafi ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsayin dandamalin, daidai yake da bakin ƙofar jirgin. Na ga wata dattijuwa a keken guragu ta gangara ciki ita kaɗai, ko kallon neman taimako ba ta yi ba.

Jirgin cikin gari na Abuja da aka buɗe a 2018, ya tsaya lokacin korona, ya dawo a 2024, taragunsa ba abin rainawa ba ne. Matsalarsa, yawancin tashoshin sun yi nesa da unguwanni, sai ka hau wani abin hawan kafin ka kai gare su. Nan kuwa daga ƙofar wurin aikina nake taka ƙafa zuwa tasha.

A gaida Hajiya, a ce mata saƙonta na nan tafe.