Hayar jirgi a Dadin Kowa: na katako muka ɗauka, shi zan sake ɗauka

Cikin hutun Disamba, wata Asabar da hantsi, muka tashi daga Jekadafari mu tara a mota biyu: ni da maiɗakina da yara huɗu, da Inna mahaifiyata, sai ƙanena da ya zo daga Kaduna da amaryarsa. Daga Gombe zuwa Dadin Kowa ta hanyar Biu tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba. Tun 1984 dam ɗin nan ya tare kogin Gongola a Yamaltu/Deba, amma Inna da ta haura saba'in ba ta taɓa hawa kan ruwansa ba. Dominta aka yi tafiyar.

A bakin ruwa jirgi iri uku muka tarar. Akwai kwale-kwalen masunta mai filafili, wanda tun daga nesa na cire shi a lissafi, don siriri ne, mutum ɗaya ya karkata kowa ya ji a jikinsa. Akwai ɗan jirgin faiba fari mai gudu, kujeru shida. Sai babban na katako mai faɗin ciki, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 a bayansa.

Ƙanena ya kafe a kan na faiba. Ban ga laifinsa ba, yana da kyau a ido, kuma cikin rabin awa zai zagaya da kai ya dawo. Sai dai mu tara ne, dole a yi sawu biyu, a biya sau biyu, a raba iyali. Da muka tsaya muka ga ya tashi da wasu samari, hancinsa sama, yana dukan ruwa tim-tim, feshi yana jiƙa su, Inna ta kalle ni kawai. Mai ciwon baya ba ta da abin yi a cikin wannan.

Mai na katakon dattijo ne, da yaronsa mai kwalfe ruwa. Kafin maganar kuɗi ya ƙirga mu da yatsa, ya tambayi wa ya iya iyo. Muka daidaita a kan awa uku, man fetur a kansa. Wannan batun mai a gama shi tun a tudu, a faɗi a fili wa zai saya, domin injin irin nasa ana gauraya masa fetur da baƙin mai ne, kuma shi ne ke cinye yawancin kuɗin.

Shigar Inna ce ta sa na yarda da mutumin. Ya shiga ruwa har gwiwa, ya danne gefen jirgin da ƙirjinsa don kada ya motsa, ya ce, "Hajiya, sa ƙafar dama tukun, ki dafa kafaɗata, ba inda za shi." Ya zaunar da ita a tsakiya inda ba a jin girgiza, ya raba manya dama da hagu, yara a ƙasa kan tabarma. Kulolin abinci da buta da jarkar zoɓo duk suka sami wuri.

Jirgin yana tafiya ne a hankali, yadda za ka ga abin da ka zo gani. Hazo ya rufe duwatsun nesa, zalɓe na tsaye a gaɓa, masunta na jan koma. Can wajen awa guda sai dattijon ya kashe inji ba tare da ya ce komai ba, ya nuna da haɓa. Da farko na ɗauka duwatsu ne guda uku. Sai ɗaya ya kaɗa kunne, ya fesar da ruwa ta hanci. Dorina! Autata ta ƙanƙame gyalen uwarta, Inna na ta "Tubarkalla" ƙasa-ƙasa. Ƙanena ya ce, "Baba, ɗan matsa mana mu ɗauki hoto." Dattijon ya girgiza kai: "Alhaji, akwai ɗa a cikinsu. Daga nan ba na ƙara taku ɗaya, kuma ba a shiga tsakaninta da zurfi." Da filafili ya ja mu baya, sai da muka yi nisa ya tayar da inji. Ko wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Abin da bai yi min ba, zan faɗa. Rigunan ruwa masu hana nutsewa bakwai gare shi, duk na manya, biyu igiyarsu ta tsinke. Na ƙi tashi sai da aka aro wasu, amma ta yara babu ko ɗaya, muka ɗaure musu na manya da ɗankwali. Har yanzu abin na damuna, domin rigar da ta fi yaro girma tana iya zamewa ta kansa idan ya faɗa ruwa. Na gaya masa a gaban mutane, ya ce zai nema. Jirgin kuma ba rumfa, da rana ta take kowa ya ji jiki duk da hunturu. Ruwa yana ɗan tsattsafowa ta tsakanin katako, yaron na kwalfewa da gwangwani, wanda bai saba ba hankalinsa zai tashi. Ƙarar inji ma tana hana hira ga na kusa da shi.

Ga saurayi da abokansa masu son iska ta buge su, na faiba ya ishe su. Mai tsoho da yara, ya nemi mai faɗin ciki, ya fita da safe, ya dawo kafin iskar yamma ta tayar da igiyar ruwa. Mu ƙarfe biyu muka sauka, muka yi Azahar a gaɓa, maiɗakina ta sayi karfasa da tarwaɗa a hannun masunta suna motsi. Mun sa ranar komawa bayan ƙaramar Sallah. Na riga na ba ƙanena saƙon rigunan ruwa huɗu na yara daga Kaduna, Inna kuma ta ce a taho mata da lema.