Anglo-Saxon da Viking: ƴan uwa ne, amma ba ɗaya ba ne

Malam, kan tambayarka cewa ko Anglo-Saxon da Viking mutane ɗaya ne suna ne kawai ya bambanta, toh a'a, amma fa ba ka yi nisa da gaskiya ba don dangi ne, kusan yanki ɗaya suka fito, lokacin shigowarsu Ingila ne da addini suka raba su.

Su Anglo-Saxon haɗakar ƙabilu ce, Angles da Saxon da Jutes, daga arewacin Jamus da Denmak ta yanzu suka tsallako teku bayan Rumawa sun kwashe sojojinsu daga Birtaniya wajen shekarar 410. Zama suka zo yi, suka kama gonaki suka kafa masarautu irin su Wessex, Mercia, Northumbria da Kent. Su kuwa Viking daga Denmak da Norwe da Suwidin suke, sai 793 aka fara jin ɗuriyarsu sosai a Ingila, ranar da suka dirar wa gidan ibada na tsibirin Lindisfarne suka kashe malaman coci suka kwashi dukiya suka koma jiragensu. Ka ga sama da shekara 300 kenan tsakani.

Da fari duk gumaka suke bauta wa kuma kusan iri ɗaya, wanda Anglo-Saxon ke kira Woden shi ne Odin a wajen Viking, Thunor kuma Thor. Har binne manya a cikin jirgi duk suna yi, a Sutton Hoo an tono kabarin wani sarkin Anglo-Saxon a 1939, jirgi ne mai tsawon mita 27 da hular yaƙi da takobi da kayan zinare a ciki, in ba a faɗa maka ba sai ka rantse na Viking ne. Amma a 597 Augustine, malamin coci da Fafaroma Gregory ya turo, ya iso wajen sarkin Kent, daga nan Kiristanci ya bazu, aka samu makarantu da marubuta irin su Bede da ya gama tarihinsa a 731. Nan ne nake ganin an ɗan zalunci Viking, saboda waɗanda suka kai wa hari su ne masu alƙalami, su suka rubuta labarin. Alhali su ma Anglo-Saxon ɗin da takobi suka karɓi ƙasar a hannun mutanen da suka tarar, kuma suna da bayi suna sayarwa.

Wani abu da zai ba ka mamaki, dukkansu sun taɓa kuɗin Musulmi. Sarki Offa na Mercia ya sa an buga masa tsabar zinare an kwaikwayi dinarin halifa Al-Mansur na Abbasiyawa, da rubutun Larabci har da kalmar shahada, sannan aka saka sunansa a tsakiya a juye, alamar maƙerin bai iya karanta Larabci ba, tana nan a gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Viking kuma kasuwanci suka yi kai tsaye ta kogin Volga, suna kai fatu da bayi suna karɓo dirhami, can Ibn Fadlan, ɗan aiken halifan Bagadaza, ya haɗu da wasunsu a 922.

A 865 Viking suka daina ɗauki-ka-gudu suka zo da runduna, suka ci York a 866, masarautu suka dinga faɗuwa sai Wessex ta rage. Sarki Alfred na Wessex ya ci su a Edington a 878, shugabansu Guthrum ya karɓi Kiristanci aka raba ƙasa, gabas da arewa na Viking. Daga nan sai auratayya da cuɗanya, har Cnut ɗan Denmak ya zama sarkin Ingila a 1016.

A 1066 sarki Harold, na ƙarshe a jerin Anglo-Saxon, ya kashe sarkin Norwe Harald Hardrada a Stamford Bridge, bai kai sati uku ba William na Normandy da ke arewacin Faransa ya kashe Harold ɗin a Hastings. Shi kuma William ɗin daga zuriyar Rollo yake, wani Viking da Faransa ta yanka wa ƙasa a 911.