Kafin ku sayi gidan gumagumai a Amurka ku nemo mai duba irinsa

Jama'a masu sha'awar gidajen nan na gumagumai da ake gani a wajen Gatlinburg da Pigeon Forge a jihar Tennessee, musamman 'yan uwanmu da ke son saya su rinƙa ba masu yawon buɗe ido haya, ga ra'ayina kan wani mai duba gida da muka ɗauka ni da maigidana, ba zan faɗi sunan kamfanin ba amma gaskiya kuɗin da muka ba shi ya ci halak.

Bambancinsa da mai duba gida na yau da kullum shi ne shi wancan wayar lantarki da famfo da rufi yake bi, bangon kuma kallo ɗaya zai masa ya wuce, alhali a irin wannan gida bangon shi ne komai. Wannan bawan Allah kuwa da ƙaramar guduma ya zo da na'urar auna danshi, ya dinga bin gungume ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana saurare, inda ya ji sauti kamar fanko sai ya tsaya. A gungumen ƙasa na kusa da baranda, wanda daga waje sai sheƙi yake, ya soka sukundireba ta shige kamar ba itace ba, ya ciro ta da ɓurɓushi baƙi mai laima. Ruwan rufi ne ke sauka kan katakon baranda yana fallatsowa bango shekara da shekaru saboda babu indararo, an zo saida gida aka shafe wajen da fenti. Ya ce danshin itace in ya haura kashi 20 cikin 100 ruɓewa na iya farawa, fenti mai kauri kuma kulle ruwan yake a ciki, shi ya sa mai na musamman ake shafawa wanda itacen zai iya numfashi. Man nan kuma ba sau ɗaya ba ne an gama, duk shekara 3 zuwa 5 sai an sake, bangon kudu da na yamma da rana ta fi duka su ke fara koɗewa. Kamar dai yaɓen gidan ƙasa ne kafin damina, in ka tsallake ka san abin da zai biyo baya.

Ya koya min gwaji mai sauƙi da na ji daɗinsa sosai, ka watsa ruwa a bango, in ya dunƙule ya gangaro man na nan da ransa, in itacen ya shanye ya yi duhu to lokaci ya yi.

Tsagar da ke jikin gumagumai da ita ta fi tsorata ni ya ce yawanci ba komai ba ce, bushewa ce kawai, sai dai wadda bakinta ke kallon sama in ta wuce kwatan inci, ita ce ke tara ruwa dole a toshe. Sai kuma maganar zaman gida, ashe gungume in yana bushewa motsewa yake bango ya rage tsawo, wanda aka gina da ɗanyen itace har inci da yawa yake sauka, don haka ake barin fili saman ƙofa da taga kuma a sa jak mai juyawa ƙarƙashin ginshiƙai. Ƙofar da ke cijewa a irin wannan gida kar ku ce aikin kafinta ne na minti biyar, a duba sama tukuna.

Ƙwari ma ya nuna mana, ramuka zagayayyu kusan rabin inci a ƙarƙashin rufi, wani ƙudan zuma ne mai huda katako yake saka ƙwai, daga baya maƙwaƙƙwafi ya zo neman tsutsa ya farfasa wajen. Gara ma akwai ta a can jihohin kudu na Amurka kar ku ɗauka a gida kawai take, maganin ƙwari mai suna borate ake sawa, amma sai an kankare tsohon mai kafin maganin ya shiga itacen, kankarewar kuma da inji ake yi mai feso niƙaƙƙiyar totuwar masara ko kwalba, kuma ba arha.

Inda ban gamsu ba, rahoton ya yi jinkirin zuwa ga dillali na matsa mana lamba, kuma bai rubuta kiyasin kuɗin gyara ba sai da muka nemi wani daban. Inshora ma bai taɓo ba, ku tambaya da kanku tun kafin ku sa hannu, yankin daji ne, gobarar Nuwamban 2016 a Gatlinburg ta kashe mutum 14 ta cinye gine-gine sama da 2,000.

Mu dai gidan bamu saya ba, mai shi ya ƙi rage kuɗin canza gumaguman ƙasa, amma na gaba da za mu duba shi ɗin dai za mu sake kira in sha Allah.